Abin da ke karya ɗan damben da kowa ke sa wa rai

"Malam, ƙanina shekararsa 19, shekara huɗu ke nan yana damben boksin. Ya wakilci jiharmu sau biyu, kuma duk wanda ya kalle shi sai ya ce yaron nan zai yi nisa. Yanzu wani mutum ya zo daga Legas da takarda, yana so ya sa hannu ya koma damben kuɗi. Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba. Abin da ke ba ni tsoro, na sha ganin yaran da aka yi ta zuzutawa, bayan shekara biyu ko uku sai ka ji shiru, wani ma ka tarar da shi a tasha magana ba ta fita daidai. Me ke lalata su ne? Sammu ne, ko mata, ko ƙwaya?" Wani mai karatu daga Zariya.

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Tambayarka guda biyu ce a haɗe: me ke rusa yaron da Allah ya ba hannu, kuma yaya za ka yi da takardar da ke gabanka. Na haura shekara 20 ina horar da yara damben zamani, kuma ni ma'abocin gidan damben gargajiya ne, a matsayin ɗan kallo. Daga abin da idona ya gani a wuraren nan biyu zan ba ka amsa, sai kuma labarin wasu manyan 'yan damben duniya da kowa zai iya bincikawa.

Abubuwa ukun da ka lissafa, ƙwaya da mata da abin da mutane ke kira sammu, galibi a ƙarshen labari ake ganin su. Farkon labarin yana cikin yadda sana'ar kanta take. Duk wanda ke kewaye da ɗan damben kuɗi, sai yaron ya shiga fili yake samun na cefane. Mai shirya wasa sai an yi wasa, manaja kasonsa a cikin kuɗin wasa yake, koci haka, abokan da ke riƙe masa jaka haka, har 'yan gida ma. Ranar da ya kamata yaro ya huta, ko ya ƙi karɓar abokin karawar da ya fi ƙarfinsa, babu mutum ɗaya da zai samu sisi a wannan hutun. Shi ya sa da wuya ka samu mai ce masa a'a. Yawancin yaran da na ga sun lalace, idan ka bi sawun labarinsu baya, za ka iske wata rana guda da ya kamata wani ya ce "ba za a yi ba", amma kowa ya yi gum.

Kuɗin ma ba kamar yadda ake jin su a baki suke ba. A al'adar sana'ar, manaja kan ɗauki har kashi ɗaya bisa uku, koci kashi 10 cikin 100. A ce an biya yaro naira 600,000 a wasa guda. Manaja ya cire 200,000, koci ya cire 60,000, sai kuɗin mota, abinci na wata biyu na atisaye, gwajin asibiti da lasisi. Abin da ya rage shi zai kai gida, kuma mai yiwuwa sai bayan wata huɗu zai sake samun wani wasan. Yaron da ke cikin wannan hali, idan aka kira shi ranar Laraba aka ce akwai wasa ranar Asabar a wata ƙasa, ba zai tsaya tambayar waye abokin karawar ba. Yunwa ce ke sa hannu a takardar.

Gaggawa

Babban abin da ke cinye yaro mai baiwa shi ne a kai shi inda bai isa ba tun ƙashinsa bai yi ƙwari ba. Wani ɗan Puerto Rico mai suna Felix Trinidad ya zama misalin da kociyoyi ke bayarwa, domin a shekara guda, 2000, ya karya samari biyu da Amurka ke ji da su. Na farko David Reid, wanda ya ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Wasa 14 kacal ya yi a damben kuɗi aka haɗa shi da Trinidad a watan Maris, ya sha ƙasa sau huɗu, kuma kafin ƙarshen 2001 ya ajiye safar hannu. Na biyu Fernando Vargas, wanda ya ɗauki kambun duniya yana ɗan shekara 21. A watan Disamba aka haɗa su, Vargas bai cika 23 ba. Ya faɗi sau biyu a turmin farko, ya tashi ya yi dambe kamar zaki, sannan ya faɗi sau uku a turmi na 12. Ya ci gaba da wasa bayan nan, amma haɓar da ke shanye naushi a da ta tafi, kuma ya yi ritaya bai kai 30 ba.

Abin lura a nan, jarumtar yaron ce ta cuce shi. Matsoraci idan ya ji wuya kwanciyarsa zai yi, alƙali ya ƙirga goma ya tafi gida da lafiyarsa. Mai zuciya shi ke tashi ya ci gaba da karɓar duka na rabin awa. Meldrick Taylor, wanda ya ci zinaren Olamfik a 1984 yana ɗan shekara 17, ya kara da Julio Cesar Chavez na Meziko ranar 17 ga Maris, 1990. Yana kan gaba a takardun alƙalai biyu cikin uku, alƙalin fili ya tsayar da wasan saura daƙiƙa 2 a tashi. Har yau ana gardama kan hukuncin nan. Abin da ba a gardama a kai shi ne daga filin asibiti aka wuce da shi da karaya a ƙashin fuska da zubar jini mai yawa. Ya sake cin wani kambun a shekarar da ta biyo baya, amma saurin nan nasa bai dawo yadda yake ba, kuma daga baya maganarsa ta koma irin wadda ka ce kana ji a tasha. Wasa guda kan iya cire wa mutum abin da ba ya komawa, ko da shi ne ya fi zuba naushi a daren.

Akwai kuma akasin haka, kuma shi ya fi yawa a nahiyarmu. Manaja ya yi ta kawo wa yaro 'yan cike gurbi, mutanen da aka san faɗuwa suka zo yi, har takardarsa ta nuna wasa 15 babu faɗuwa. Yaron ya ɗauka shi ne gwani na gwanaye. Amfanin wannan takarda ɗaya ne: a sayar da ita. Mai shirya wasa a Ingila ko Rasha ko Dubai yana neman wanda zai zo ya faɗi a gaban yaronsa, amma mai takarda mai kyan gani. Sai a tura naka, a ba shi sanarwar mako biyu, ya je ya haɗu da wanda ya yi wata uku yana shiri. An gina shi ne don a sayar da faɗuwarsa ta farko.

Laifin da ni ma na taɓa yi

Baiwa tana ɓoye aibi. Yaro mai nauyin hannu tun yana ɗan 16 yake kwantar da sa'o'insa a turmin farko, don haka bai taɓa buƙatar koyon kauce wa naushi ba, bai san yadda ake numfashi a turmi na shida ba, bai san yadda ake riƙe abokin karawa a huta idan kai ya yi jiri ba. Wanda ba shi da wannan ƙarfin dole ta sa ya koyi duk waɗannan, kuma sau da yawa shi ke daɗewa a sana'ar.

Na taɓa samun wani yaro bahago, ban taɓa riƙe wa wani hannu mai nauyin nasa ba. Na san sarai idan ya jefa hagu yana sauke dama, haɓarsa a buɗe. Na faɗa masa sau ɗaya sau biyu, ya yi dariya ya ce ai babu mai kaiwa lokacin da zai gane. Ni kuma, gaskiyar magana, daɗin nasarar ya ɗebe ni. Sunana ne ke tashi a gari, ana cewa yaron wane. Da wani mai shirya wasa ya kawo tayin haɗa shi da wani tsohon hannu mai wasa kusan 30, na san bai kai ba, amma yaron yana son kuɗin aure, mahaifiyarsa ta aiko a roƙe ni, ni ma kasona na kallo. Na amince. Tsohon hannun ya bar shi ya gaji da kansa turmi uku, a na huɗu ya sa masa dama a daidai wurin da na sani. Faɗuwar ba ita ta ƙarasa shi ba. Abin da ya biyo baya ne: kunya ta hana shi zuwa atisaye, 'yan rakiyar da ke cika ɗakinsa suka watse, ya koma wurin wani kocin da ya ce masa asiri aka yi masa, aibin nan kuwa ba a taɓa gyara shi ba. Ya sake faɗi sau biyu ta hanya iri ɗaya. Yanzu yana sana'arsa ta walda lafiya lau, muna gaisawa, amma ni na san a ranar da aka kawo tayin nan ni ne mai cewa a'a, ban kuwa ce ba.

Idan nasara ta zo da wuri

Mike Tyson shi ne misalin da kowa ya sani, amma mutane kan tsallake tsakiyar labarin. Tsohon da ya raine shi ya koya masa dambe, Cus D'Amato, ya rasu a watan Nuwamban 1985. Shekara guda bayan nan Tyson ya buge Trevor Berbick ya zama zakaran duniya na ajin masu nauyi yana ɗan shekara 20, mafi ƙarancin shekaru a tarihin ajin. A watan Maris na 1988 manajansa Jim Jacobs ya rasu. A watan Yuni ya gama da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91, kuma a wannan shekarar ya sallami Kevin Rooney, kocin da ya rage daga gidan D'Amato. Cikin shekara uku duk masu iya tsawata masa sun kau. Ranar da Buster Douglas ya kwantar da shi a Tokyo a watan Fabrairun 1990, idonsa ya kumbura, mutanen kusurwarsa ba su ma zo da ɗan ƙarfen sanyin da ake danne kumburi da shi ba, sai safar roba suka cika da ruwan ƙanƙara suna manna masa. Zakaran duniya ke nan, mai miliyoyin daloli, amma masu yi masa hidima ba su ɗauki kayan da kocin unguwa ba ya mantawa ba. Sauran labarin sananne ne: kurkuku a 1992, sannan a 2003 ya bayyana a kotu cewa ya tsiyace, da bashin da ya haura dala miliyan 20.

Shi kansa Douglas ɗin bai tsira ba. Wata takwas bayan nasararsa ya zo kare kambu a gaban Evander Holyfield da ƙarin nauyin fiye da kilo 6, aka gama da shi a turmi na uku. Bayan shekara 29 Andy Ruiz ya maimaita wannan karatun: ya buge Anthony Joshua a New York ranar 1 ga Yuni, 2019, ya zo wasa na biyu a Diriyya ta Saudiyya a watan Disamba da ƙarin kusan kilo 7, ya rasa kambunan duka, kuma da bakinsa ya ce shagali ya yi ta yi maimakon atisaye. Yunwar da ta kai mutum sama takan mutu ranar da ya ƙoshi, kuma a ranar ce ya fi buƙatar wanda ba ya jin nauyinsa.

A nan ne mata da abokai da ƙwaya ke shigowa. Ba na raina su, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kai da jiki

Wannan ɓangaren ya fi kowanne muhimmanci, shi ne kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Idan aka bugi mutum ya suma, ko ya tashi yana layi, ƙwaƙwalwarsa ta girgiza a cikin ƙoƙon kai, kuma tana buƙatar lokaci. Dokokin dambe sun tanadi hutun aƙalla kwana 30 bayan irin wannan faɗuwa, ba wasa ba gwaji, wasu hukumomin ma sun fi haka tsawaitawa. Bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba shi ne mai kisa ko nakasa. Kuma yawancin dukan da ɗan dambe ke sha a rayuwarsa a wurin atisaye yake shan sa, inda babu likita babu alƙali. Kocin da ke haɗa yara su yi ta kirɓar juna kullum don a ga mai zuciya, yana kashe musu shekarun sana'arsu ne a banza.

A gidan damben gargajiya abin ya fi tayar mini da hankali. Na sha ganin an kashe yaro ranar Lahadi, an yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, ranar Talata ga shi ya naɗe hannu makaɗi na zuga shi. Ba a auna nauyi a yawancin wasannin yau da kullum, kuma abincinsa liƙin da za a yi masa ne a ranar. Shi ya sa za ka ga shagon wani ya tashi kamar wutar kara, gari ya ɗauka, shekara biyu sai a daina kiran sunansa. Na kawo wannan ne don yaranmu na damben zamani da yawa suna leƙawa can neman na kashewa ba da sanin koci ba. Ka bincika ko ƙaninka na yi.

Sai rage nauyi. Yaro ɗan 19 jikinsa bai gama girma ba. Idan aka ɗaure shi a ajin da ya wuce, za ka gan shi kwana uku kafin awo ya daina shan ruwa, ya naɗe jiki da leda yana gudu cikin rana, yana tofar da yawu a gwangwani. Jikin da aka matse ruwansa haka ba ya shanye naushi. Tramadol ma ta wannan ƙofar take shiga: hannu ya tsage, ga wasa ya matso, wani ya ce sha wannan ba za ka ji komai ba. Ba zai ji ba kuwa, har ƙashin ya ƙarasa lalacewa, ƙwayar kuma ta zauna.

Game da sammu, ni ba malami ba ne, kuma ba zan hana kowa addu'a da neman tsari ba. Amma ka riƙe labarin Ike Ibeabuchi, ɗan Najeriyar da masana da yawa ke ganin zai iya zama zakaran duniya. Ya buge David Tua a 1997, ya kwantar da Chris Byrd a turmi na biyar a watan Maris na 1999, shi Byrd ɗin da daga baya ya riƙe kambun duniya. A lokacin wasa 20 ya yi, nasara 20. Tun bayan wasan Tua alamun rashin lafiyar ƙwaƙwalwa suka bayyana a halayensa, har ya jawo mummunan hatsarin da ya nakasa wani yaro, amma aka ci gaba da shirya masa wasanni. A watan Yulin 1999 aka kama shi a Las Vegas kan cin zarafin wata mata, likitoci suka tabbatar yana da larurar tabin hankali, shekarun ƙarfinsa duka suka ƙare a tsare. Idan ka ga yaro ya canza hali, ba ya barci, yana yawan ciwon kai, yana fushi ba dalili ko yana mantuwa, a kai shi asibiti wurin likitan ƙwaƙwalwa, a kuma dakatar da damben har sai likita ya sallame shi.

Wani lokacin kuma babu laifin kowa. Anthony Ogogo, ɗan Ingila mai uba ɗan Najeriya, ya ci tagulla a Olamfik ta Landan a 2012, ƙashin kwarmin idonsa ya karye a wani wasa a 2016, aka yi ta yi masa aiki bai yiwu ba, ya yi ritaya a 2019. Sana'ar da ake dukan fuska ce, dole wani ya gamu da irin wannan.

Takardar da ke hannunka

Ban ga ƙaninka yana dambe ba, ban kuma ga takardar ba, don haka ba zan yanke maka hukuncin a sa hannu ko kada a sa ba. Amma da ɗana ne, a shekara 19 da wakilcin jiha sau biyu, zan so ya ƙara shekara biyu a damben neman lamba. Can turmi uku ake yi, ana auna nauyi, faɗuwa ba ta ɓata takardar mutum, kuma zai gamu da salo iri-iri. Idan ya ci lamba a gasar wasanni ta ƙasa ko ya shiga tawagar Najeriya, farashinsa ranar komawa damben kuɗi ba zai zama na yau ba. Na san tallafi a wannan ɓangaren ya yi rauni, rabon Najeriya da lambar dambe a Olamfik tun tagullar Duncan Dokiwari a 1996, kuma wannan ne ke tura yara damben kuɗi da wuri. Duk da haka shekara biyun ba asara ba ce, musamman idan ya haɗa da karatu ko sana'ar hannu da za ta hana yunwa zaɓa masa abokin karawa.

Idan kuma kun ga sai an yi, kada a sa hannu a ranar da aka kawo takarda. A kai wa lauya naku, ba wanda mutumin ya kawo ba. A duba shekara nawa aka ɗaure yaron, wasa nawa aka yi alkawari a shekara, nawa ne mafi ƙarancin kuɗin kowane wasa, wa zai biya asibiti idan ya ji rauni, kuma ko yaron da kocinsa suna da ikon ƙin abokin karawa. A tambayi mutumin ƙarara: kai manaja ne ko mai shirya wasa? Manaja aikinsa ya nemo wa yaro kuɗi mai yawa, mai shirya wasa ribarsa ya biya kaɗan, mutum ɗaya ba zai yi duka biyun da gaskiya ba. Saboda wannan ne Amurka ta kafa doka a 2000, mai ɗauke da sunan Muhammad Ali, da ta raba ayyukan biyu a manyan wasanni. A tabbatar yana da lasisin hukumar kula da damben kuɗi ta Najeriya. Sannan ka ce ya ba ka sunayen yara uku da ya riƙe shekara biyar da suka wuce. Ka shiga shafin BoxRec a intanet ka ga inda aka kai su da yadda wasanninsu suka ƙare, ka nemi lambar ɗaya daga cikinsu ka kira shi da kanka, ka saurari abin da zai ce, ka kuma saurari yadda maganar ke fita daga bakinsa.

Abu na ƙarshe ya shafe ka kai da kanka. Kai ne babba, kuma kai kaɗai ne a cikin duk mutanen nan za ka iya zaɓar kada ka ci ko kwabo daga damben yaron. Kada ka karɓi kaso, kada ka ɗora hidimar gida a kan kuɗin wasansa, ka kuma faɗa wa mahaifiyarku dalili tun yanzu. Kafin wasansa na farko a kai shi a duba idonsa a ɗauki hoton kansa, ka ajiye takardun a wurinka don a samu abin kwatantawa nan gaba. Ka kuma zauna da kocinsa ku yi magana a gaban yaron, cewa duk ranar da aka kwantar da shi, safar hannunsa a ɗakinka za ta kwana har sai kwanakin hutun sun cika.